Ɗan Tudu a Bakin Teku

Mu a Unguwar Tudu ruwa abin jira ne daga sama, ba abin wasa ba. Inna ta hana mu ko leƙa madatsar Guzuguzu, kullum maganarta ɗaya ce: ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ɗan iyon da na iya a kududdufin bayan gari na sace shi, na kuma sha bulala a kansa har sau biyu.

To, mai karatu, wannan mutumin ne Allah ya kai shi tsibirin Zanzibar tare da uwargida. Tun a daren farko ta ga hotunan kifaye masu launi a masaukinmu, ta ce, "Malam, ni fa sai na gani da idona." Abin da ake yi shi ne a sa maka tabarau na ruwa, ka ciji wani bututu da kansa ke sama, ka kwanta ruf da ciki a kan ruwa kana numfashi kana kallon ƙasa. Ba nutso ba ne, leƙe ne.

Zaɓen wuri ya ci mana kwana biyu. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye sau biyu a rana, ta yi nisa har ka ga mata sun shiga suna gyaran gonakinsu na ciyawar ruwa. Wanda bai duba lokaci ba sai ya sha tafiya cikin duwatsu da wasu halittu masu ƙaya kamar bushiya. A Nungwi da Kendwa can arewa ruwan ba ya gudu haka, amma kifin bakin gaɓa kaɗan ne. Kowa Mnemba yake ambata, ɗan tsibirin da ke daura da Matemwe. Ba a barin baƙo ya taka shi, sai dai jirgi ya tsaya a gefe.

Samari biyu suka tare mu a bakin ruwa da farashi mai sauƙi. Na ce su nuna mini jirgin. Na ƙirga rigunan kariya, huɗu, ɗaya ma igiyarta ta tsinke. Na tambayi mutum nawa za a ɗauka, ɗayansu ya yi dariya ya ce hakuna matata, wato babu damuwa.

Nan take Bagwai ta faɗo mini a rai. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya taso daga Badau a madatsar Watari, maƙare da 'yan Islamiyya za su Maulidi, ya kife, aka rasa mutum kusan talatin, akasarinsu yara. Lodi ne ya yi yawa. Bagwai ba ta da nisa da mu, kuma na tabbata a ranar ma akwai wanda ya ce babu damuwa.

Uwargida ta ɓata rai, wai na cika tsoro. Ban musa ba. Washegari muka sami wani dattijo mai jirgi, kuɗinsa kusan ninki biyu. Abin da ya saye ni shi ne tambayarsa ta farko: wa ya iya ruwa a cikinku? Da ya ji ita ba ta iya ba, sai ya ba ta riga, ya sa ta gwada bututun a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, sannan ya ce ƙarfe shida na safe za mu tashi, kafin iska da cinkoson jirage.

Da na sa fuskata a ruwan Mnemba sai da na manta da numfashi. Kifaye rawaya da shuɗi suna wucewa garke-garke, ko kallona ba sa yi. Dattijon ya gargaɗe mu kada mu taka duwatsun ƙasa, domin masu rai ne. Ashe murjani ne, dangin wanda Inna ke ɓoyewa a adaka sai ranar biki. Uwargida tana riƙe da tayar ceto, yaron jirgi na jan ta a hankali, ina jin salatinta yana fitowa ta bututu.

Da yamma na kira Inna na ba ta labarin murjani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yanzu dai kuna kan tudu ko?"