Motar da Ke Mutuwa a Danja

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, ba mu taɓa zama mun tuhumi motarmu a kan abin da take sha ba. Litar fetur ba ta kai naira 200 ba, in allura ta yi ƙasa sai a shiga gidan mai a ce "cika", a biya, a wuce. A ranar ne Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kwana biyu bayan nan lita ta koma naira 537 a Abuja, kafin Yuli ya ƙare ta kai 617. Sai ga mu mun shiga sahun masu cewa "zuba na dubu goma", muna kallon allurar da da ƙyar take ɗaga kai.

Mu biyu ne masu fita aiki a gidan, mota kuma ɗaya. Ɗayanmu malamar makaranta ce, ɗayan yana rubuta manhajar kwamfuta. A Karu muke zaune, aikin kuma yana cikin gari, wato kullum sai mun bi hanyar Nyanya zuwa AYA, wadda duk mazaunin Abuja ya san halinta da safe. Tafiyar minti ashirin takan ci awa ɗaya da rabi. Tsohuwar motarmu mai silinda shida ce, ta haura shekara goma sha biyar a duniya, kuma da muka fara rubuta abin da muke zuba mata sai muka ga kilomita 7 take yi da lita ɗaya. A wata muna cin kusan kilomita 1,200. Lita 170 ke nan da ɗoriya, sama da naira dubu ɗari, ban da kuɗin bakanike da ya koma kamar kuɗin haya.

Dama lokacin sauya ta ya yi. Tambayar ita ce da me. Motar lantarki zalla ba ta daɗe a kan tebur ba, don gidan da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama ba wurin ajiye ta ba ne. Sai muka karkata ga irin da ake ce wa haibirid, wadda a gida muka raɗa wa suna ruwa-biyu: tana da injin fetur, tana da na lantarki, kuma ba a jona ta da wutar gida ko sau ɗaya. Ita ke yi wa batirinta caji tana tafiya. Ba sabuwar dabara ba ce. Tun a ƙarshen 1997 Toyota ta fara sayar da Prius a Japan, kuma tsarin nan ne aka yi ta gyarawa har ya shiga Corolla, wadda muka zaɓa. Muka yanke shawarar sabuwa za mu saya, ba 'yar Kwatano ba, saboda a irin wannan mota tarihin batiri shi ne tarihin motar, kuma babu dillalin da zai iya rantse maka a kan abin da batiri ya gani a hannun mutum uku da suka gabace ka.

Ba za mu faɗi kuɗinta ba. Abin da za mu faɗa shi ne ta cinye dalolin da muka tara na ayyukan da ake yi wa kamfanonin waje ta intanet, ta kuma haɗa da wani fili da muke da shi a Zariya. Da labarin filin ya kai kunnen Hajiya, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "To, Allah ya sa alheri. Amma fili ba ya tsufa, mota kuwa ranar da aka saye ta ta fara." Har yau maganar tana nan zaune a kujerar baya.

A Oktoba muka ba da kafin alƙalami. Dillalin ya ce mako shida, in ya yi tsawo takwas. A Amurka za a saya, sai aka tarar a can ma layi ake bi, masu neman ruwa-biyu sun fi motocin da ke ƙasa yawa. Ba a samu tamu ba sai cikin Disamba, ba ta hau jirgin ruwa a Baltimo ba sai Janairu.

Jiran jirgin ruwa wani irin jira ne. Kowane babban jirgi yana aika siginar da ke faɗin inda yake, kuma akwai shafukan intanet da ke nuna su a taswira kamar tururuwa. Mai aikin manhaja ba ya iya haƙuri da buɗe shafi sau ashirin a rana, don haka muka rubuta 'yar manhaja mai layi talatin, tana dubawa kowace awa, in jirgin ya motsa ta turo saƙo a waya. Kwana biyu tana aiki lafiya, sai ta yi shiru. Tashoshin da ke kama siginar a bakin teku suke, in jirgi ya nausa tsakiyar Atilantika sai mai biyan kuɗin tauraron ɗan'adam ne zai gan shi. Fiye da mako guda ɗigon nan yana tsaye wuri ɗaya a taswira, filin Zariya yana cikinsa. Ranar da ya sake bayyana a kusa da Dakar, shayin dare ya yi daɗi a gidanmu.

Sai dai abin da ya fi hana mu barci ba teku ba ne. Kuɗin fito da darajar mota a dala ake lissafa shi, sannan a juya zuwa naira. A Oktoba, lokacin da muka yi lissafinmu, ana juya dala ɗaya a kan naira 770 da 'yan kai. A Fabrairun 2024, da motar ta sauka Legas, ta haura 1,400, kuma kusan kowane mako sai an wayi gari da sabon farashi. Motar tana ajiye a tasha, ba ta ƙara tsawo ba, ba ta ƙara faɗi ba, amma abin da za a biya a fito da ita ya kusa ninkawa. Dole muka sayar da tsohuwar tun kafin sabuwar ta iso. Mako uku muka yi muna tsayuwa a bakin titi da asuba, muna cusa kai cikin motocin haya, mutum huɗu a baya biyu a gaba. A farkon Maris aka sauke ta daga bayan tirela, ledar kujerunta ba a cire ba. Bayan mako uku muka ji a labarai wani jirgi ya rusa babbar gadar Baltimo, tashar ta rufe. Muka kalli juna kawai.

Abu na farko da mutum zai lura da shi shiru ne. Ka danna maɓalli, allo ya haska, babu tari, babu girgiza. Ta fara tafiya da lantarki, tana wani ɗan amo da aka sa mata da gangan don masu tafiya a ƙasa su ji zuwanta. In ka ƙara taka totur sai injin fetur ya tashi da kansa, in ka tsaya ya kwanta. A makon farko, a wata danja a Wuse, wani yaro mai sayar da ruwan leda ya ƙwanƙwasa gilashi cike da tausayi ya ce, "Yallaɓai, motarka ta mutu, a tura?" Kawu ma da muka ɗauko shi daga tasha, danja uku ya haƙura kafin ya ce, "Yaro, ka mayar musu da abarsu tun da wuri, wannan ba ta da silo."

Wannan mutuwar ita ce dukan sirrin. Motar da muka saba da ita tana ƙona fetur ko tana tafiya ko tana tsaye, kuma duk lokacin da aka taka birki, ƙarfin da aka sayo da kuɗi sai ya zama zafi a jikin taya ya bi iska. A ruwa-biyu, in ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki a hankali, injin lantarkin ne ke juyewa ya zama janareta, ya riƙe motar, ya tura ƙarfin cikin batiri. In muna dawowa da yamma, gangaren Kugbo kaɗai yakan kusa cika shi, sai mu ci wannan guzurin a cunkoson gadar Karu, muna rarrafe injin yana barci. Batirin ba wani babba ba ne, abin da yake ɗauka bai kai na batirin inbata guda ɗaya irin na gida ba. Ba a yi shi don doguwar tafiya ba. A aikinmu na kwamfuta akwai 'yar ma'ajiya ta wucin-gadi da ake sa wa a kusa, a ajiye abu yanzu a ɗauka an jima, don kada a riƙa tayar da babban rumbu a kan ƙaramar buƙata. Aikinsa ke nan. Ko na'urar sanyaya motar da lantarki take aiki, shi ya sa sanyi ba ya yankewa in injin ya kwanta.

A takarda, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba irin wannan Corolla mil 50 a galan ɗaya, wato kusan kilomita 21 a lita. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san bambancin abin da ta yi a kwamfutarsa da abin da za ta yi ranar da mutane dubu suka hau kanta. Gani ya kori ji. Muka buɗe jadawali, muka kafa doka: gidan mai ɗaya, famfo ɗaya in ya samu, a tsaya da zarar bakin famfon ya katse da kansa, ba a yarda mai zubawa ya ƙara don ya cike kuɗi ba. A rubuta kilomita, a rubuta lita, a raba.

Tankin farko ya yi kilomita 655 da lita 35.4, wato 18.5. Allon motar kuwa 20 ya nuna. Ba mu kama kowa da laifi ba, don allon kintace yake yi daga abin da injin ya fesa, famfo kuma ba kullum yake katsewa a wuri ɗaya ba. Mun dai riƙe namu lissafin, tunda shi ne aljihu ya sani.

Na biyu ya faɗo cikin azumi, tsakiyar zafin Maris, sai ya sauka zuwa 17. Wannan ya ɗan taɓa mu, har muka zauna bin diddigi kamar masu neman kuskure a manhaja. Ba mu sha wahala ba. A makonnin nan an yi ta zama cikin mota a ƙofar makaranta ana jiran tashi, sanyi a kunne, kilomita ba ta ƙaruwa, batiri yana sauka, injin yana tashi ya cika shi. Ga kuma gajerun fita na bayan la'asar, sayo ƙanƙara, sayo ƙosai, zuwa tarawihi. In injin ya huce, sai ya yi 'yan mintuna yana aiki don ya ɗumama kansa, ko da tafiyar ta kilomita biyu ce. Motar ba ta son aike.

Na uku shi ne tafiyar sallah zuwa Zariya, mutum biyar, but cike da tsaraba. Ya ba da 17.6. Nan ne ta saɓa wa duk abin da muka taso muka sani, cewa mota ta fi sauƙin sha a babbar hanya. Ita a can ba ta da abin da za ta tsinta: babu tsayawa, babu birki, sai injin fetur da iska suna kokawa. Duk da haka mun je mun dawo da tanki ɗaya, abin da a da sai an tsaya a Kaduna.

Na huɗu, bayan sallah, zirga-zirgar aiki zalla, ya kai 20.3. Wani ɓangare na wannan ba aikin motar ba ne, namu ne. Allon yana nuna maka kibiyoyi, daga ina ƙarfi ke fitowa, ina yake zuwa, kuma ba ka sanin lokacin da za ka fara ɗaga ƙafa tun daga nesa in ka hango jar wuta. Mu biyun har gasa muke yi a ɓoye. Malamar makaranta ce ke kan gaba, kuma ba ta taɓa buɗe jadawalin ba.

Tanki huɗu ba hujja ba ne, ko a aji ɗaya na jami'a ba za a karɓe shi ba. Amma in aka haɗa su, kilomita 2,585 ne da lita kusan 141, wato 18.4. A tafiyarmu ta wata, lita 65 ke nan maimakon 170. A farashin da muka saya a Afrilun 2024, wajen naira 650, kusan dubu 70 ke zama a aljihu kowane wata. Kuɗi ne na gaske, ana ganinsa a cefane. Sai dai duk wanda ya ce maka mota irin wannan za ta biya kuɗin kanta da rarar fetur, ka ce ya kawo alƙalami. A wannan lissafin za ta tsufa ta mutu ba ta biya rabi ba. Inda lissafin ke tsayawa da ƙafarsa shi ne ga wanda dama zai sayi sabuwar mota. A Amurka, ratar farashin Corolla ta fetur zalla da ruwa-biyu ba ta kai dala 2,000 ba, kuma wannan ratar ce fetur ɗin Najeriya zai iya cikewa cikin 'yan shekaru. Wanda motarsa ke da sauran lafiya, ba mu ce ya sayar da fili ba.

Akwai abin da ke ranmu wanda jadawali ba ya nunawa. Bakaniken da ya yi shekara takwas yana duba mana tsohuwar ya buɗe gaban wannan, ya daɗe yana kallon wayoyin nan masu ruwan lemo, ya ce, "Oga, juye da birki zan yi maka, amma waɗannan ba zan taɓa ba." Mun ji daɗin gaskiyarsa, don wutar da ke cikinsu tana iya kisa. Baƙin manta siriri ne, ba kowane shago ke da na ainihi ba. Na'urar sanyinta tana da nata man na daban, in aka zuba mata na sauran motoci ana iya jawo babbar ɓarna. Batirin kuma yana ƙarƙashin kujerar baya, yana shaƙar iska ta wata 'yar taga mai matata, wadda ƙurar hunturu za ta so ƙwarai. Mun sami mutum biyu a Apo da aka ce sun iya, mun ajiye lambobinsu, ba mu kai ga gwada su ba.

A ƙarshen Afrilun 2024 layin mai ya dawo Abuja, 'yan bumburutu sun fito da jarkokinsu a bakin titi. Ranar da abin ya fara muna da kashi uku cikin huɗu na tanki, muka lissafa zai kai mu kusan mako biyu in aka rage aike. Dokar famfo ɗaya dai ta rushe, duk inda aka samu nan za a sha, don haka tanki na biyar zai shiga jadawali da alamar tambaya a gefensa. Damina kuma ta kawo kai, za mu ga abin da za ta yi in zafi ya sauka. Hajiya ta bugo jiya, bayan gaisuwa ta tambayi lafiyar yara, ta tambayi lafiyar motar, sannan ta ce an fara yanka sababbin filaye ta wajen hanyar Jos.