Kawuna da Gidansa Mai Taya

A unguwarmu kowa ya san yadda ritaya take. Mutum ya cika shekara 60 a duniya ko shekara 35 a bakin aiki, a yi masa 'yar walima a ofis, a ba shi agogon bango, ya dawo ya kafa benci a ƙofar gida. Daga nan sai masallaci, sai ɗaurin aure, sai jana'iza, sai zaryar tantance 'yan fansho. Wanda ya yi sa'a yana da 'yar gona ko kiwon kaji. Ban raina wannan rayuwa ba, ita mahaifina yake yi, kuma tana da nata daɗin. Amma yayan mahaifiyata ya ɗauki wata hanya da har yau dangi ba su gama yafe masa ba: ya sayar da gidansa ya koma zama a cikin mota.

Kawu ya tafi Amurka a farkon shekarun 1980 da tallafin karatu na gwamnatin jiha. Ya karanta injiniyan lantarki, ya yi aiki a birnin Houston na jihar Texas sama da shekara 30. 'Ya'yansa uku duk sun girma sun watse. Babbar ma'aikaciyar jinya ce a Minneapolis, can arewa kusa da Kanada. Namijin yana Atlanta, autar kuma tana Phoenix. Idan ka duba taswira za ka ga kamar wani ne ya watsa wa kaji tsaba.

Ana saura 'yan watanni ya ajiye aiki, a 2021, yana yankan ciyawa a bayan gida sai ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Gumi ya keto masa, ciwo ya hau har muƙamuƙi da hannun hagu. Shi a zatonsa gyambon ciki ne, har yana cewa a miƙo masa madara. Matarsa, wadda muke kira Hajiya, ba ta saurare shi ba, ta buga 911. A asibiti aka gano kitse ya toshe biyu daga cikin jijiyoyin da ke kai wa ita kanta zuciyar jini. Likitoci suka zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannunsa har zuwa zuciya, suka buɗe inda ya toshe, suka bar 'yar ragar ƙarfe a kowace jijiya don kada ta sake rufewa. Kwana uku aka sallame shi.

Mu a nan Kano mun ɗauka shi ke nan, Kawu zai tattaro ya dawo ya ƙarasa gidan da ya fara ginawa tun ina firamare. Sai ga hoto a zauren WhatsApp na dangi: shi da Hajiya a tsaye gaban wata farar mota mai kama da ƙaramar bas, ya rubuta a ƙasa, "Sabon gida, a taya mu addu'a."

Can suna ce wa irin motar RV. Tasa ƙirar Winnebago ce, ta hannu, tsawonta kusan mita 8. Ranar da ya zagaya da ni cikinta ta kiran bidiyo na fi minti 40 ina yi masa tambayoyi, har data ta ƙare. Akwai gado a baya, ga kicin mai murhun gas da firji, ga banɗaki da wurin wanka, ga teburin da ake naɗewa ya zama gadon jikoki. 'Yan'uwana mazauna hostel, kada ku ce ta yi ƙanƙanta. Ɗakin da muke kwana mu takwas bai fi ta da komai ba, kuma ita ruwanta yana zuwa. Ni da nake karatun lantarki abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wutarta. Faifan sola a rufi, batura a ƙasan kujera, inbata, ga janareta a gefe idan rana ta yi rowa. Idan sun isa sansanin da ake biyan kuɗi sai su jona kebul ɗinsu da wutar wurin. Kawu da kansa ya sake wayarin ɗin baturan, kuma abin da ya koya mini a kan lissafin lodi a kira biyu ya fi abin da na kwasa a zango guda.

Tankuna uku ne a jikinta: na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na bayan gida. Wannan na ukun duk bayan 'yan kwanaki sai an je wuri na musamman an jona masa tiyo an juye, kuma Kawu ne mai yi, da safar hannu. Da Umma ta ji haka sai ta riƙe baki. "Yaya da digirinsa biyu, a ƙarshen rayuwa shi ne mai kwasar masai? Wannan wace irin ritaya ce?"

Ba araha ba ce kuma. Motar ba ta wuce kilomita 4 a lita guda. Daga Houston zuwa Minneapolis kusan kilomita 1,900 ne, wato kamar ka je Legas daga Kano ka dawo. Ku yi lissafin man da kanku.

To me ya kai shi? Amsar da ya ba ni ita ce Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, shi kuwa ƙafarsa ta tsufa, sai ya sa mata taya. Da yana Houston, jikokinsa sau ɗaya a shekara yake ganinsu, su ma a gurguje. Yanzu yakan yi wata biyu a ƙofar gidan babbar 'yarsa. Ya kai yara makaranta, ya koya musu Fatiha da ƙirga da Hausa, a ci abincin dare tare, sannan shi da Hajiya su ce sai da safe su koma motarsu. Wannan ɗin ne ya fi burge ni. Duk wanda ya taɓa ganin suruki ya sauka a gidan ɗansa na wata guda ya san yadda kunya take takura kowa: matar gida ba ta sakewa, tsohon ma ba ya sakewa. Kawu ya zo da ɗakinsa da butarsa da gadonsa. A Atlanta ne kawai abin bai yiwu ba, don ƙungiyar masu gidajen unguwar ta hana ajiye irin wannan mota a ƙofar gida, sai dai su kwana a sansani su riƙa shigowa da safe.

Sanyin Minnesota yana daskarar da ruwa har ya fasa bututu, don haka da Oktoba ta kama sai su nausa kudu. A Janairu sukan yada zango a Quartzsite, wani ɗan ƙauye a hamadar Arizona inda dubban tsofaffi masu irin wannan mota suke taruwa duk shekara gudun sanyi. Cin rani ke nan, sai dai nasu na hunturu ne. Kawu ya ce da yamma idan aka zauna a bakin wuta, hirar ba ta wuce abu biyu: batir da zuciya. Wannan ya ce an yi masa tiyata, wancan ya nuna inda aka dasa masa na'urar daidaita bugu. Shi kaɗai ne mai jallabiya a wurin, kuma maƙwabtansa sun saba da ganinsa yana juya waya yana neman alƙibla. Baffana, da ya ji labari, tambaya ɗaya ya yi: mutumin da gidansa ke tafiya da shi, matafiyi ne ko mazauni, zai yi ƙasaru ko zai cika? An kwana biyu ana wannan muhawara a zauren dangi, har ta fi ta zuciyar zafi.

Zuciyar kuwa ita ce mai tsara tafiyar, ba taswira ba. Kullum da safe Hajiya za ta ɗaura masa na'urar awon jini ta rubuta a littafi. Yana shan maganin hana jini daskarewa, da na rage kitse, da na hawan jini, kuma yakan karɓi na wata uku a lokaci guda daga kantin magani mai rassa a kowace jiha. Duk wata shida sai sun koma Houston ganin likitansa. Inshorar lafiya ta gwamnati da ake ba wanda ya kai shekara 65, wato Medicare, ya zaɓi nau'inta na asali saboda yana aiki a kowace jiha, ba wanda ke ɗaure mutum da asibitocin gari ɗaya ba. Ba sa tuƙin dare. Duk awa biyu sai sun tsaya ya taka ƙasa, don dogon zama yana sa jini ya dunƙule a ƙafa. Kafin su kwana a ko'ina sai Hajiya ta duba asibiti mafi kusa da ke iya buɗe jijiyar zuciya. Kuma ita, matar da ko ƙaramar mota ba ta son ja a babban titi, ta koyi tuƙa wannan dodo tana da shekara 61. A wurina ita ce jarumar labarin nan, ko da yake a dangi ba wanda ya taɓa faɗa.

Bara da rani aka yi abin da Umma take tsoro. Sun bi ta jihar Colorado don Kawu ya ga duwatsu, hanya ta hau da su har ramin Eisenhower, wanda yake sama da mita 3,400 daga doron teku. Jos da muke ce wa tudu kusan mita 1,200 ce. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, sai zuciya ta ninka aiki kafin jiki ya sami abin da yake buƙata. Numfashin Kawu ya fara sama-sama, kansa ya yi nauyi. Hajiya ta sa shi ya tsaya, ta karɓi sitiyari, ta gangaro da su Denver. Ya kwana ɗaya a asibiti. Gwaji ya nuna ba bugun zuciya ba ne, tsayin ne ya yi masa yawa. Amma labari ya riga ya iso Kano, kuma kafin ya iso ya yi ƙiba.

Ina zaune Umma ta kira shi. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar. "Haba Yaya! Don Allah ka dawo gida. Idan ta Allah ta kasance a cikin daji, wa zai yi maka wanka? Wa zai sallace ka? Turawan sansani?" Sai ta fashe da kuka. Su biyar iyayensu suka haifa, saura su biyu, kuma rabonta da ganinsa ido da ido tun 2019.

Kawu ya bari ta yi shiru, sannan ya ce, "Auta, saurare ni." Ya ce inshorarsa ba ta biyan magani a wajen Amurka. Ya ce idan jijiyar zuciya ta toshe, likitoci suna ƙoƙarin buɗe ta cikin minti 90 da isar mutum asibiti, don kowane minti tsokar zuciya mutuwa take yi. Ya tambaye ta, a gida asibiti nawa ne ke yin wannan aiki, kuma nawa za a ce a ajiye kafin a taɓa shi? Ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa ko a Kano ko a Colorado, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Daga nan muryarsa ta sauya. Ya ce tun yana saurayi burinsa ya zagaya ƙasarsa da mota: Yankari, Mambila, Argungu, ya haura Zinder har Agadez. "Yanzu ki gaya mini, a wane daji zan faka in kwana?" Umma ba ta ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Ni dai ina bayan Kawu, ko da yake ba na faɗa a gaban Umma. Tsohon da aka zaunar wuri ɗaya don a kare masa zuciya, sau da yawa zaman ne yake cinye shi. Amma ba na ganin tsoron Umma a matsayin rashin wayewa, kamar yadda wasu 'ya'yan dangi suke gani. Hatta 'yarsa ma'aikaciyar jinya so take ya sayar da motar ya tare a gidanta. Abin da ya fi damuna ma ba Kawu ba ne. Shi yana da littafin awo da likita da matar da ta hana shi kilishi da dunƙulen magi, take yi masa miyar kuka da daddawa zalla. Mahaifina da yake zaune lafiya lau a kan benci, shi ma hawan jini gare shi, amma sai kansa ya yi ciwo yake aika a sayo masa ƙwaya biyu a kemis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali guda. Tukunyar gidanmu ta wuce nan tun kafin a sa yaji. Kawu ya aiko masa da na'urar awo, kuma ni aka ɗora wa aikin duk ranar Juma'a idan na je gida. Baba yana miƙo hannu yana mita, wai an mai da shi majinyaci da ƙarfi da yaji.

An dai yi sulhu. Kawu ya yi alkawarin ba zai ƙara hawa wuri mai tsayi irin wancan ba, kuma ya kunna wa Umma alamar inda yake a waya. Tsakaninmu da Arizona awa 8 ne, saboda haka idan ta idar da sallar asuba shi bai daɗe da kwanciya ba, sai ta buɗe waya ta ga ɗigon yana nan bai motsa ba, sannan ta ɗora ruwan koko. Ya ce idan likita ya sa hannu a ganin da za su yi na gaba, zai zo Kano ya yi sati shida, ya bar motar a wurin autarsa a Phoenix. Umma har ta sa an yi wa ɗakin baƙi fenti. Ni kuma ya ce in tanadi mita da tsani, don ya ga hoton yadda mai gyara ya haɗa solar gidanmu, kuma a cewarsa ko a mota ba zai yarda da wannan wayarin ba.