Daga Dutsen Kwatarkwashi Zuwa Rairayin Bunguɗu

Direban da ya ɗauke mu a tashar Tsafe ya ƙi tashi sai da hantsi ya dubi ludayi. "Alhaji, yanzu ba a sammako a wagga hanya," in ji shi, "sai mun ga motocin Gusau sun fara isowa." Ba wanda ya ja da shi. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyar, don haka muka yi bisimilla muka kama bakinmu.

Lokacin hunturu ne, an gama girbi, karan dawa na tsaye a gonaki. A nan yankin 'Yandoto take, garin malaman da ya yi suna tun kafin jihadi, wanda har yau Sarkin Tsafe ke amsa sunansa a matsayin sarauta. Na so in tsaya, amma ba motata ba ce.

Tun daga nesa Dutsen Kwatarkwashi ke bayyana cikin hazo, kamar tsibiri a tsakiyar gonaki, garin kuma ya lafe a gindinsa. Nan na sauka. Wani dattijo da ke zaune bisa buzu a inuwar masallaci ya amsa sallamata, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, dutsin kaka son hawa?"

"I, Baba, in da hali."

"Da hali, amma ba kai kaɗai ba. Kuma kar la'asar ta same ku bisa."

Ya haɗa ni da jikansa, saurayi marar yawan magana. Abu na farko da ya ce mini shi ne in tuɓe takalmi, don tafin ƙafa ya fi roba kama dutse. Gaskiyarsa. Inda ya yi sulɓi sai da na haɗa da hannu, ina rarrafe, fuskata dab da dutsen. A nan na ga abin da mai wucewa a mota ba zai taɓa gani ba: ba launi ɗaya gare shi ba. Ƙwayoyi ne a cuɗe, wasu farare, wasu jaja-jaja, da baƙaƙen ɗigo masu ƙyalli in rana ta doke su. Masana ƙasa sun ce irin waɗannan duwatsu na Arewa narkakken dutse ne da ya daskare a hankali can cikin ƙasa, kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce. Bai yi aman wuta ba, kamar yadda Dutsen Kamaru ya yi a 1999, wanda irin amansa ne ya baƙanta rairayin bakin teku a Limbe. Namu a ɓoye ya huce, sai ruwa da iska suka yi ta zaizaye ƙasar da ta rufe shi har ya fito fili.

Muka zauna a wani kwarmi muna mayar da numfashi. Saurayin ya nuna mini manyan tsuntsaye biyu suna shawagi sama da mu. Kakansa, in ji shi, ya sha ba su labarin bikin kamun maiki da ake yi a da, da kuma tsafin Magiro na zamanin Maguzawa, wanda ya sa ake shakkar dutsen har a garuruwa masu nisa. Musulunci ya kawar da tsafin, kuma ban ji wanda ke kewarsa ba. Abin da ya dame ni daban ne. Wuri irin wannan, a bakin babbar hanya, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga shi ba kowa sai mu biyu. Ba nisa ya hana mutane zuwa ba, tsoro ne. Na tambaye shi ko 'yan makaranta na zuwa yawon buɗe ido. Ya ce da dai.

Daga sama ana hango rufin kwanon Gusau yana walƙiya. Garin Malam Sambo Ɗan Ashafa ke nan, wanda ya zama babban birni da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Can na kwana, ban yi wani yawo ba.

Washegari na kama hanyar Sakkwato zuwa Bunguɗu, don in ga gulbi. Gulbin Sakkwato ne, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya nufi madatsar Bakalori. Da rani ruwan kan janye ya bar shimfiɗar rairayi mai faɗi, fari sol, ruwan na bin gefe ɗaya siriri. Na ɗebi rairayin a tafin hannu, sai ga ƙwayoyin nan na jiya, farare da masu ƙyalli, sun niƙe sun yi laushi. Ashe abin da ya zaizayo daga duwatsun ƙasar nan shi ne gulbi ke tarawa a nan.

Nan kam akwai mutane. Yara na wasan langa, mata na wanki suna shanya zannuwa bisa yashi, wani na loda wa jakinsa mangala. Masu noman rani sun ja mesa daga injin ban ruwa zuwa fangalin albasa. Ɗaya daga cikinsu ya ga ina tsaye ba aikin fari ba na baƙi, ya miƙo mini karan rake.

"Malam, baƙo ne kai?"

Na ce daga Tsafe nake, gulbi kawai na zo gani. Ya yi murmushi, ya ce in dawo da damina in ga yadda yake cika har ya shafe inda muke tsaye. Daga nan ya dubi rana, ya ce in Gusau zan koma, gara in nemi mota tun yanzu.