Tuwo Ɗaya, Miya Kala-kala: Kwana Biyu a Garin Golf

Ni da kunne na tashi ina sanin mota. Yayana yana da shagon kayan gyara a Ƙofar Ruwa, kuma a can na koyi cewa idan aka tayar da inji, mai hankali yakan yi shiru ya saurara kafin ya taya. Da wannan kunnen na sauka daga jirgin ƙasa a Wolfsburg, wani gari a arewacin Jamus, a watan Oktoban 2025. Kafin azahar na gane cewa na ɗauko ƙugiya zuwa inda babu rijiya.

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni. Yana karatun injiniya a Braunschweig, garin da ke maƙwabtaka da nan. Ya ce, "Kawu, kai da ka shekara talatin kana hawa Golf, ai bai kamata ka zo Jamus ka koma ba ka gaida gidansu ba."

Kana fitowa daga tasha, a tsallaken ruwa, sai ga masana'antar Volkswagen ta jan bulo, da dogayen bututun hayaƙi guda huɗu. A wurinmu gari ne ke fara kafuwa, sannan kasuwa da masana'anta su biyo baya. Nan kuwa a 1938 aka kafa garin don ma'aikatan masana'anta su sami wurin kwana. Mutum wajen 60,000 ne ke cin abinci a cikinta. Har wani nau'in tsiren nama kamfanin yake yi da kansa, kuma ya ba shi lamba irin ta kayan gyara, kamar fulogi. Na alade ne, don haka na yi gaba, amma ina tafe ina dariya, ina raya yadda yayana zai rubuta shi a littafin shago.

A gefen masana'antar akwai Autostadt, dandalin baje motoci da aka buɗe a 2000. Abin da ya fara ɗaukar idona wasu rumbuna biyu ne na gilashi, kowanne mita 48, kowanne yana cin mota wajen 400. Mai saye ya zo, na'ura ta hau ta sauko masa da tasa kamar ana ɗebo damin gero. Na tsaya baki buɗe har sai da yaron ya taɓa ni.

A ɗakin baje koli na yi abin kunya. Na ga wata ƙaramar mota mai suna ID.3, na buɗe murfin gabanta kamar yadda kowane ɗan Kano zai yi, ina neman inji. Ban ga komai ba sai 'yan wayoyi da robobi da wurin zuba ruwan wanke gilashi. Na zagaya baya neman salansa, babu. Na tambayi inda ake duba baƙin mai. Yaron ya danne dariyarsa ya ce, "Kawu, durƙusa ka leƙa ƙasa. Motar tana can."

Ashe gaskiya ya faɗa. Duk ƙasan motar, daga tayoyin gaba zuwa na baya, batir ne shimfiɗe kamar katifa. Injin lantarkin kuwa ɗan ƙarami ne, yana tsakanin tayoyin baya. Sai na tuna da Beetle ɗin da aka fara haɗawa a Legas a 1975, wadda ita ma injinta a baya yake. Tafiya ta yi tafiya, an dawo inda aka faro.

Wannan shimfiɗar ta ƙasa, da batir da inji da ƙafafu, ita ce suke kira MEB. Ita ce tuwon, sauran duk miya ce. A ɗora mata ƙaramin bodi ta zama ID.3. A ƙara tsawo da tudu ta zama ID.4. A sa mata gangar bas ta zama ID. Buzz, wadda ake haɗawa a Hanover. Skoda Enyaq da Cupra Born da Audi Q4 e-tron duk a kanta suke zaune. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Ford, kishiyar gidan, ita ma tana sayen wannan shimfiɗar tana ɗora wa Explorer ɗinta ta lantarki a Cologne. Na tuna daren da muka raba a majalisa muna musu a kan wace mota ta fi wace, har wani ya yi fushi ya tashi. Ashe a wasu lokutan musun miya muke yi, tuwon daga tukunya ɗaya aka kwaso.

Da na ƙara tunani sai na ga ai mun daɗe da sanin wannan sirrin, ta ƙasa muka shigo masa. Kowane yaron shago a Ƙofar Ruwa ya san kayan Golf da yawa suna shiga Audi. Mu muna kiran abin dabarar bakanike. Su kuwa a kansa suka gina lissafin kamfani: a kashe kuɗi sau ɗaya wajen ƙera shimfiɗa, a sayar da ita sau miliyoyi da sunaye daban-daban. Amfanin a fili yake. Haɗarin ma haka, don idan tuwon ya yi gauɗa, babu miyar da za ta rufa masa asiri.

Wannan gefen labarin wani dattijo ne ya ba ni shi a bakin ruwa, tsohon ma'aikacin masana'antar, yana jefa wa agwagi burodi, yaron yana yi mana tafinta. Ya faro daga 2015, lokacin da asiri ya tonu a Amurka cewa kamfanin ya yi maguɗi a gwajin hayaƙin motocinsa na dizal. Bayan wannan abin kunyar ne aka rungumi lantarki hannu bibbiyu. Aka nuna ID.3 a 2019. Masana'antar Zwickau, a garin da ake ƙera Trabant zamanin Jamus ta Gabas, ta fitar da motarta ta ƙarshe mai shan mai a 2020, ta koma lantarki ɗungurungum.

Sai dai ƙarfe bai ba su wahala ba, manhaja ce ta ba su. Motar yanzu kwamfuta ce mai taya huɗu, kuma reshen da kamfanin ya kafa don rubuta manhaja, Cariad, ya yi ta jan ƙafa har sababbin motocin Porsche da Audi suka makara. A 2022 shugaban kamfanin, Herbert Diess, ya sauka, Oliver Blume ya hau. A Disambar 2023 gwamnatin Jamus ta janye tallafin sayen motar lantarki ba zato, kasuwa ta yi sanyi. Bayan shekara guda, kamfanin da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall suka daidaita a kan rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030, ba tare da korar dole ba. Dattijon ya nuna masana'antar da haɓa ya ce a cikin yarjejeniyar har da kwashe aikin Golf mai shan mai zuwa Meziko daga 2027. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Ji na yi kamar an ce za a mayar da rinin Ƙofar Mata wata ƙasa.

Ni da na zo da tunanin cewa Bajamushe ba ya tambayar kowa hanya a harkar mota, sai ga shi yana biyan kuɗin makaranta. A 1984 Volkswagen ya shiga Shanghai a matsayin malami. A 2023 ya zuba dala miliyan 700 a wani matashin kamfanin ƙasar Sin mai suna Xpeng, ya sayi kusan kashi 5 cikin ɗari, don su haɗu su ƙera wa kasuwar can motoci. A 2024 kuma ya ƙulla da Rivian na Amurka a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala biliyan 5.8, don samun manhaja da tsarin wayoyin mota. Reshe ya juye da mujiya. Da farko abin ya ba ni dariya. Daga baya na tambayi kaina: manyanmu nawa ne za su iya zama gaban yaron da suka girma su ce koya mini?

Yaron ya zana mini abin da ke tafe a bayan takardar shayi. Akwai gyararriyar MEB, wadda za a ɗora wa ƙananan motoci masu sauƙin kuɗi: ɗaya a kan Yuro 25,000 da za a haɗa a Sifaniya a 2026, wata kuma wajen Yuro 20,000 a 2027, a masana'antar Palmela ta ƙasar Fotugal, inda aka ƙera Sharon ɗin da ke jigilarmu tsakanin Kano da Kaduna. Akwai shimfiɗar PPE ta masu hannu da shuni, wadda Porsche Macan da Audi Q6 e-tron suke kai. Sannan akwai babbar tukunya, SSP, wadda ake so ta haɗe duka wuri ɗaya. An sha ɗage ranarta, yanzu sai wajen ƙarshen shekarun nan ake sa ranta, kuma a kanta ake shirin ɗora Golf ta lantarki a nan Wolfsburg. Batir ma sun ce ba za su dogara da na saye kaɗai ba, shi ya sa suka kafa masana'antarsa a Salzgitter.

Abu biyu suka sa na ji ba ni kaɗai ba ne baƙauye. Ƙaramar motar nan ta Yuro 25,000, da aka fara nunawa da sunan ID.2all, a Satumbar 2025 aka ce sunanta ID. Polo, don mutane sun fi sabawa da suna a kan lamba. Ba a sake wa tuwo suna. Sannan masu saye sun yi ta ƙorafi a kan shafa gilashi don rage sanyi ko ƙara murya, har kamfanin ya ce zai dawo da maɓallan da hannu ke ji. Ashe Bature ma yana son abin da zai murɗa.

A jirgin komawa na yi ta lissafi. Golf ɗin da muke hawa yau an ƙera su ne tun ina saurayi, suka gama aiki a Turai suka iso mana ta Kwatano da Legas. Abin da ake shimfiɗawa yau a masana'antun Zwickau da Emden, shi ne zai cika fatakunan dillalanmu nan da shekara 10 ko 15. Zai zo ba fulogi, ba salansa, ba juyen mai, kuma rabin abin da ke kan kantar yayana ba zai shiga jikinsa ba. Mai saye zai tambayi sauran ƙarfin batir, ba ƙarar inji ba, kuma zai tambayi inda zai yi caji a unguwar da wuta ke zuwa gaisuwa.

Da na dawo Kano, tsarabar da na kai wa yayana magana ce guda. Na ce, "Yaya, autanka da ke zaman shago, a sa shi koyon aikin lantarki da kwamfuta tun yanzu." Ya dube ni ya ce Jamus ta juya mini kai. Amma ranar Asabar da ta biyo baya, da kansa ya kai yaron wurin wani mai gyaran wayarin mota. Kai ma mai karatu, idan kana da yaro a gareji, ka yi masa wannan tunanin tun motocin ba su iso ba.