Citta a Tsohuwar Randa

A wani gida a Watari na ga citta cikin tsohuwar randa, ganyenta ya yi ɗorawa, gefensa ya ƙone. Uwargida ba ta fasa ba ta ruwa safe da yamma, ga randar ba huji a gindi. Ruwa ya kwanta, saiwa na ruɓewa a ɓoye. Citta 'yar inuwa ce da laima, shi ya sa ta fi son ƙasar Kachia da Kwoi, ko da yake can ma cuta ta cinye gonakinta a daminar 2023. Abin da ya tsaya mini a rai, ganyen da ƙishi ya kama da wanda ruwa ya yi wa yawa kusan kamanninsu ɗaya, mu kuwa da mun ga yaushi sai mu ƙara abin da muka saba bayarwa. Har 'ya'yanmu da tsofaffinmu haka muke yi musu. Wani lokacin ma lafiyar cittar ƙalau: da hunturu takan zubar da ganye, saiwar ta kwanta sai zafi ya dawo. Sai dai wanda ya saba da noman rani a bakin dam, da wuya ya jira abin da ba ya gani.