Manna Ba Ta Kwana

Karatu: Fitowa 16:13-21

A shekarar 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, a shekarar kuma na fara aikin kwamfuta a Gusau. Sababbin ofisoshi suna ta buɗewa, na'urori suna isowa cikin kwalaye, waɗanda suka san kansu kuwa kaɗan ne. Tun daga lokacin har yau ban taɓa karɓar albashi ba. Aikina na kwangila ne: a kira ni in haɗa na'urori, in tsara ajiyar bayanai, in koya wa ma'aikata, a biya ni, a sallame ni. Babu ƙarin girma, babu fansho. Wata uku ana aiki, wata biyu ana zaman jira.

Kowace sana'a da irin jarabarta. Tamu ba sata ba ce a fili. Ita ce mutum ya riƙe wani abu a hannunsa, ko kalmar sirri ta babbar na'ura, ko wata 'yar dabara da bai nuna wa kowa ba, domin duk ranar da aiki ya tsaya dole a neme shi. Shekaru da dama na yi haka, ina ce masa wayon zaman duniya.

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ni. A daidai lokacin ne na'urar wata makaranta a Tsafe ta kulle da lissafin albashin malamai a ciki, mabuɗin kuwa yana kaina ni kaɗai. Kwana tara suka yi ba a biya su ba. Da na samu sauƙi na je, wata dattijuwa mai share azuzuwa ta dube ni ta ce, “Ɗana, ashe abincinmu a aljihunka yake kwana?” Ba ta ɗaga murya ba, amma ban yi barci a daren nan ba.

Sai na tuna da Isra'ilawa a jeji. Ubangiji ya ba su manna kowace safiya, kowa gwargwadon abin da zai ci a ranar. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe suka tarar ta yi tsutsa, tana wari. Na gane abin da na ɓoye ya ruɓe tun tuni, warinsa kuwa waɗansu ne suke shaƙa. Tushensa rashin bangaskiya ne: ban yarda Allah zai tuna da ni gobe ba.

Na koma na rubuta kome a littafi, na koya wa wani saurayi akawu dukan abin da na sani. Ba zan ɓoye muku ba, 'yan'uwa, makarantar ba ta ƙara nemana ba. Gaskiya tana da farashi, na kuwa biya.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a dukan jihar saboda 'yan bindiga. Babu kira, babu intanet, aikina ya mutu murus. Ana cikin haka wani direba ya kawo mini wasiƙa daga tasha. Saurayin nan ne, ya koma aiki a Bungudu, yana so in zo mu tsara musu lissafin da ba ya bukatar intanet. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Abincin mako guda ya saya. Kafin ya ƙare, wani aikin ya zo.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mene ne ka ƙulle a hannunka don tsoron gobe? Wanda ya ciyar da jama'arsa shekara arba'in a jeji bai gaji ba.

Addu'a: Ya Ubanmu, ka buɗe hannuwanmu, ka raba mu da tsoron gobe. Ka sa mu yi aikin yau da aminci, mu dogara gare ka don abincin kowace rana. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.