Daga Wuse Zuwa Wikki: Kwana a Tsakiyar Namun Dajin Yankari

Abokina, tunda ka ƙi barin shagonka na kasuwar Wuse, to ga labarin. Bayan sallar asuba muka ɗauki hanya, muka bi ta Keffi da Akwanga, muka haura Jos, muka yi azahar a Bauchi. Daga can sai hanyar Gombe. A Dindima muka karya dama har Mainamaji, inda ƙofar gandun dajin Yankari take, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofar ma sai da muka ƙara cin kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin mu isa Wikki, masaukin baƙi.

Ni dai iyakar sanina da namun daji shi ne na gidan zoo na Asokoro, suna cikin keji kana waje. A Wikki babu shinge tsakaninka da su. Tun muna sauke kaya wani ma'aikaci ya ce mini: "Malam, ka riƙa kulle ƙofa da makulli, kuma kada ka fito da leda a hannu." Gwaggon biri yake nufi. Sun iya murɗa hannun ƙofa sarai. A gabana wani ƙato ya fizge burodi daga hannun wata baiwar Allah, ya koma gindin bishiya ya zauna, ya yage ledar da yatsu, 'ya'yansa na kewaye da shi. Ga gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa, ya durƙusa kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo a bakin ɗakina. In ya firgita sai ya miƙe wutsiya sama ya ruga.

Da yamma muka gangara maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan na fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau, kana hango farin yashin ƙasansa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina.

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar mota da ɗan jagora zuwa kogin Gaji. Muka ga gwambaza da ɓauna, da kada yana shan hantsi. Zaki kam bai fito ba. Giwa kuwa, alamarta muka fara gani: tulin kashi mai ɗumi da rassa a kakkarye. Can sai direba ya kashe mota, jagoran ya ɗaga hannu. Ga su suna ƙetare hanya, ƙanana a tsakiya, wata babba ta tsaya tana kaɗa kunnuwa tana dubanmu. Duk girman nan, ba ka jin takunsu. Wallahi babu wanda ya yi ko tari.

A 1956 aka keɓe wannan daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, aka buɗe wa baƙi a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai manoman ƙauyukan gefen dajin ne. Mu kuɗi muka biya don mu ga giwa, su kuwa dare ɗaya garke zai shiga gona ya cinye wahalar damina guda. In ana son giwayen su ɗore, dole a kula da waɗannan mutane.

Ka shirya zuwa da rani, tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da ƙishirwa ke tara dabbobin a bakin Gaji. Ka taho da yara.